Ruwan Da Na Bari Ta Ɗiba

Tsufa ya fara share mini abubuwa. Sunayen ɗalibai, lambar mota, har inda na ajiye tabarau, duk sai an tuna mini. Amma akwai wata gona a fadamar Argungu da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba, ita da abin da ya kai ni bakinta. Na daɗe ina kunyar ba da labarin. Yanzu da na bar aiki, na ga gara in faɗa da bakina.

Sama da shekara goma ina koyar da ɗaliban digiri na biyu a wata jami'a a Birnin Kebbi. Darasina shi ne yadda ake amfani da na'urori wajen gano sinadaran da ke cikin abu, ko ruwa, ko ƙasa, ko abinci. Sai dai duk shekarun nan ba mu da na'urar da ke aiki. Da alli nake koyarwa. In zana akwati a allo, in zana harshen wuta, in zana fitila, in ce wa ɗalibai a nan ake fesa ruwan da ake son aunawa, haske ya ratsa wutar, daga yawan hasken da ya ɓace a san yawan ƙarfen da ke ciki. Na iya zanen nan har ina yi ina kallon aji. Ɗalibai suna cin jarrabawa, su tafi, ba wanda ya taɓa jin ƙarar abin da kunnensa.

Shekarar da Allah ya kawo mana na'urar, a shekarar ce wani tsohon ɗalibina ya dawo daga ƙasar waje da digirinsa na uku. Yaron da na sani yana zuwa aji da silifas, wanda ni na rubuta masa takardar shaida ya samu gurbin karatun. Aka zauna taron sashe, shugaba ya yi gyaran murya ya ce tunda Dakta ya yi aiki da irin wannan na'ura a can, shi zai riƙe makullin ɗakin, ya kuma riƙa koyar da ɓangaren aiki da hannu. Ni in ci gaba da ɓangaren allo. Na ce madalla, hakan ya yi daidai. Har tafi na yi.

Da na koma gida ko abinci ban iya ci ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron ba shi da laifin da zan kama. In ya hango ni sai ya russuna, ya karɓi jakata. Sau biyu yana zuwa ofishina yana cewa, "Malam, ka taho mu riƙa shiga tare, ai kai ka koya muna abin ga tun ba mu gan shi ba." Ni kuwa in ce masa aiki ya yi mini yawa. A zuciyata cewa nake, wato ni zan je in tsaya a bayanka kana nuna mini maɓalli a gaban yara? Ofishina yana kallon ƙofar ɗakin na'urar, wadda ɗalibai suka raɗa wa suna Hajiya saboda ita kaɗai aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki a duk sashen. Ina zaune ina fifita da takarda, ina jin dariyarsu a ciki. Idan suka fito idanunsu na ƙyalli, suna ta Dakta ya ce, Dakta ya nuna. A ajina kuma hamma suke yi.

Mai ɗakina ta gano ni tun da wuri. Wata rana ina cikin zayyana mata yadda yaran zamani ba su da tushe, sai ta ajiye mini kofin fura ta ce, "Malam, an ce kishi kumallon mata na. To kai mi ya haɗa ka da shi da gemunka?" Na ce ba kishi ba ne, kishin ilimi ne. Ta ce, "Awo, duk dai sunan guda." Ranar ma fushi na yi.

A kusurwar babban ɗakin gwajinmu akwai wata tsohuwar tukunyar tace ruwa. Tana dafa ruwa, tururin ya bi ta cikin bututu ya huce, ya ɗigo a matsayin tsabtataccen ruwa. Shekaru kafin nan bututun ya tsage, ba a samu sabo ba, sai na kwance shi da hannuna na kai wa wani mai gyaran lagireto a Nasarawa. Ya liƙe shi tsaf da dalma, yadda yake liƙe na motoci. Tun daga ranar na san ruwan tukunyar nan yana ɗauke da ɗan gubar dalma. Bai dame ni ba, don wankin kwalabe da ƙananan gwaje-gwaje kawai muke yi da shi. Ban rubuta komai a jikinta ba. Mu biyu muka sani, ni da tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin, shi kuma ya riga ya yi ritaya ya koma ƙauyensu.

Cikin ɗaliban shekarar akwai wata malamar sakandare 'yar Argungu, matar aure mai 'ya'ya uku, mai natsuwa da ƙoƙari. Baba take kirana. Ni na so in duba aikinta, amma da aka raba ɗalibai sai ta faɗa hannun Dakta, wannan ma na ƙara shi a kan abin da ke raina. Aikinta shi ne auna gubar dalma a cikin shinkafar fadama, kuma yawancin shinkafar daga gonar mahaifinta ta ɗebo bayan girbin damina.

Wata safiya, farkon shigowar sanyi, na bi ta ɗakin gwaji sai na same ta a gaban tukunyar nan. Ta narkar da shinkafarta da asid, ta jera kwalabe a kan tebur, tana cika kowace da ruwan tukunyar. Na tsaya. Na tambaye ta ina ruwan musamman da malaminta ya sayo. Ta ce, "Baba, jarka guda ta, ba ta isa. Dakta ya ce a bar ta don saita Hajiya, waɗanga kuma in cika da na tukunya."

Nan take na ga kuskuren gaba ɗaya. Akwai dokar da nake fara koya wa kowane aji: kowane gwaji sai an yi kwalba guda da ba a sa samfurin a ciki ba, amma ta bi duk hanyar da sauran suka bi, ruwa ɗaya, asid ɗaya. Ita ce za ta tona asiri idan dattin daga wurinka yake. Shi Dakta ya haɗa tasa da ruwa mai kyau, ya bar shinkafar da ruwan tukunya, don ya ɗauka ruwanta tsabtatacce ne. Duk dalmar da na'ura za ta gani, a kan shinkafa za a ɗora ta.

Magana ɗaya ce ta rage in yi. Har ta zo bakina. Sai na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, irin wanda ban ji ba tun da yaron nan ya dawo. Na ce mata, "To, sannu da aiki, Allah ya taimaka." Na wuce.

Shirina mai sauƙi ne. Bayan mako shida za ta gabatar da sakamakonta a gaban malamai da ɗalibai. Zan bari ta gama, a yi tafi, Dakta ya yi murmushi. Sannan in ɗaga hannu a hankali in ce, da wane ruwa aka cika kwalaben? Na yi ta maimaita tambayar nan a mota, ina gwada muryar da za ta fi kyau. Na ce wa kaina ba cutar da kowa zan yi ba, ɗalibar za ta sake aikin cikin mako biyu, shi kuma ya koyi cewa gaba da gabanta. Haka mai hassada yake, ba ya rasa fatawar da zai ba kansa.

Sakamako ya fito yadda na zata. Dalma ta yi yawa a kowace kwalba. Na ji Dakta ya gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa sai ya aika samfurin wani wuri an tabbatar. Kafin ya aika, aka shiga yajin aiki. Aka rufe ɗakunan gwaji, aka ɗage taron gabatarwa, kowa ya kama gabansa. Ni ko a jikina. Na zauna a gida ina kiwon tambayata har kusan wata uku, ban taɓa tunanin abin da lambobin nan suke yi a wajen jami'a ba.

Makon da aka janye yajin aiki, ɗalibar ta gayyace mu ɗaurin auren ƙanenta a Argungu. Motata tana wurin makanike, dole na shiga ta Dakta, ina zaune a gaba kamar an ɗaure ni. Bayan an shafa fatiha aka kai mu zauren mahaifinta. Dattijo ne dogo, siriri, mai farin gemu da tafin hannu kamar ɓawon itace. Da aka gaya masa mu ne malaman 'yarsa sai ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ƙi saki. Aka kawo tuwon gero da miyar kifi. Ya ce mu yi haƙuri, ya san baƙo in ya zo Argungu tuwon shinkafa yake sa rai, amma ba hali. Ban gane ba a lokacin, na ɗauka tawali'u ne.

Da muka ci, ya ce yana roƙon alfarma, mu raka shi gona mu duba masa wani abu. Muka shiga mota muka bi hanyar Gulma, muka sauka muka taka. Fadama ta yi kore shar iya ganinka, injinan ban ruwa suna ta ƙara ta kowane ɓangare, shinkafar rani ta kai gwiwa. A tsakiyar koren nan sai ga wani fili babba, busasshe, ƙasa ta tsattsage. A gefe ga inda aka yafa iri, ya yi tsawo ya tsufa ya bushe a tsaye, ba a cire shi an dasa ba.

"Wagga ita ta tawa," in ji shi.

Dakta ya tambaye shi me ya hana shi dashe. Ya dubi 'yarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai.

"Kada ku ga laihinta. Ta ga ina ba jikokina tuwo, tab ɓarke da kuka, nis sa ta dole tag gaya min. Tac ce injin ya ga dahi cikin shinkahwata. To Malam, ina iya jin wanga in koma in dasa? In kai kasuwa, ɗiyan mutane su ci? Mi za ni cewa ga Allah?"

Ya ce buhunan damina suna nan a ɗaki, bai sayar ba, bai ci ba, ko zakka bai fitar ba, don ba zai ba talaka abin da ya hana jikansa ba. Maƙwabtan gona sun yi ta tambayarsa, wasu na cewa tsufa ya taɓa shi. Bai gaya wa kowa dalili ba, don kada magana ta fita a ƙi sayen ta kowa, alhali ba a tabbatar da tasu ba. Shekara arba'in, in ji shi, bai taɓa barin gonar nan ta kwana rani ba. Sai ya durƙusa ya ɗebo ƙasa ya miƙo mini.

"Kai ne babba, Malam. Duba min. Ga ƙasa abin yake, ko ga ruwa? In ga ƙasa na, in san na bar wa ɗiyana banza."

Na karɓi ƙasar. Ban san me na ce masa ba, na dai san na yi wasu 'yan maganganu na malamai. Na kalli Dakta, shi ma idonsa ya yi ja, yana ganin binciken da ya jagoranta ne ya jawo wannan. Duk wata ukun nan shi nake hange a raina, yadda fuskarsa za ta canza a gaban shugaban sashe. Ko sau ɗaya ban hango wannan dattijo ba. Da za mu tafi ya sa aka saka mana buhun albasa da ƙullin busasshen kifi a bayan mota, yana ba da haƙuri wai da shinkafa ya kamata ya sallame mu.

Ba mu yi nisa da Argungu ba na ce wa Dakta ya tsaya. Ya gangara gefen titi. Na gaya masa zancen bututu da mai gyaran lagireto. Ya dafe kai, ya fara salati, yana cewa laifinsa ne, shi ya karya dokar da na koya masa. Da na yi shiru a nan da na tsira, don har ya fara yi mini godiya. Amma ƙasar dattijon tana nan a ƙarƙashin farcena. Na ce masa na ga lokacin da take cika kwalaben.

Ya juyo a hankali. "Tun yaushe kas sani, Malam?"

Na ce tun ranar farko.

"Don mi ba ka hwaɗi ba?"

Na ce don ina so in tambaye shi a gaban mutane.

Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka kira ni ohis ka ci mutuncina, wallahi da na gode maka." Ya tayar da mota. Muka kama hanyar Birnin Kebbi.

Cikin makon suka sake aikin daga farko da ruwa mai kyau. Ranar aunawa ya aiko a kira ni, karo na farko ke nan da na taka ɗakin Hajiya. Na tsaya a baya. Aka fara da ruwan tukunya zalla, ba shinkafa a ciki, lamba ta haura. Aka sa shinkafar dattijo, da ƙyar ta motsa. Aka maimaita sau uku. Ɗalibar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana hamdala. Na lura Dakta bai gaya mata rabona a ciki ba, ya ɗauki kuskuren duka a kansa. Wani abin kunya, ko a wannan lokacin sai da na ji ɗan haushin cewa ya fi ni hali. Da ta natsu na gaya mata da kaina. Ta dube ni, ta tattara takardunta ta fita. Daga ranar ba ta ƙara ce mini Baba ba, sai Malam.

Na ce ni zan kai wa mahaifinta labarin. Na shiga motar haya na tafi ni kaɗai, na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran wani tsohon bututun ban ruwa. Na fara da albishir, shinkafarsa lafiya lau, ƙasarsa lafiya lau. Ya ɗaga hannu ya yi godiya ga Allah, ya ƙwala wa ɗansa kira ya ce a buɗe ɗaki yanzu a auna zakka, ta daɗe tana jiran masu ita. Sannan na gaya masa sauran. Na yi ta zagaye-zagaye, amma dai na faɗa, cewa na sani tun kafin a yafa iri, kuma ƙyashin ɗalibina ne ya rufe mini baki.

Ya ajiye bututun.

"Shi yaron, ya taɓa yi maka wani abu?"

Na ce bai taɓa ba.

"Ni hwa?"

Na ce ya faɗi abin da ya yi asara in biya. Ya girgiza kai.

"Rani ba a sayen shi, Malam. Ya wuce. Na yahe maka, don ni ma ina son Allah shi yahe min. Amma ka ga, mu nan in mutum ya ga ruwa ya ɓalle zai ci gonar maƙwabcinai, ko ba su magana toshewa yakai. Hwaɗan ya jira."

Ya sa aka kawo mini rabin buhun shinkafa, ya ce wancan karon bai sallame ni yadda ya kamata ba. Na roƙe shi ya bari, ya ce ba a mayar masa da kyauta a zaurensa. Haka na ɗauko ta. Mai ɗakina ta dafa, yara suka ci suna santi, ni ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba.

Ɗalibar ta gama karatunta da sakamako mai kyau. Dakta ya ci gaba da russuna mini har ranar da na bar aiki, amma bai ƙara cewa in zo mu shiga tare ba, ni kuma ban ga laifinsa ba. Dattijon ya dasa gonarsa da damina. Shekara biyu bayan nan ya rasu, na je ta'aziyya na zauna a can baya. Ban san rani nawa Allah ya rubuta masa a duniya ba, amma na san ɗaya daga cikin na ƙarshe ni na cinye masa.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta iya saiti. Ka auna wanda kake ƙi, ta je ta sami wanda bai san kana yi ba, kuma sau da yawa mutumin kirki take samu, don shi ne zai ɗauki maganar masu ilimi da gaske har ya bar gonarsa. Idan Allah ya sa ka ga kuskure a aikin wani, ka faɗa a ranar, ko da maƙiyinka ne zai amfana. Ba ka san wanda ke can nesa yana jiran amsar da irinsa a hannu ba.